Darasi na Tara: Matata Marar Iska da Hanyoyin Inganta Aikinta

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda ruwan ƙazanta yake cutar da gulbi da rijiya;
2. faɗin sassan matata marar iska da aikin kowanne;
3. lissafa girman matatar da za ta ishi makaranta ko ƙungiya;
4. gane alamomin matsala da abin da ake yi idan sun bayyana.

1. Ina ruwanmu yake zuwa?

Kowane gida a Birnin Kebbi da Argungu yana fitar da ruwa iri biyu. Akwai na wanka da wanki da wanke-wanke, wanda ke bi ta rariya ya faɗa kwata. Akwai kuma na bayi, wanda ke shiga masai ko sokawe. Kamar yadda yake a galibin garuruwan Nijeriya, kowa da ramin gidansa ya dogara, ba da wani babban bututu da ke tattara ruwan gari gaba ɗaya ba. Abin da ya malala a kwata kuwa gangare yake bi, gangaren garuruwan nan biyu kuma fadamar Gulbin Rima ce.

Ban da gidaje, akwai mayanka, da makarantun kwana, da bayin kasuwa da na tasha, sannan ga sana'ar shinkafa. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi. A 2017 aka buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi. Tare da su ƙananan injina da mata masu gumi suka yawaita a unguwanni da ƙauyuka. Duk inda aka jiƙa shanshera aka turara ta, sai an zubar da ruwa mai ɗumi, ja-ja, wanda ke yin tsami da wari idan ya kwana. Wannan darasi ya fi shafar ƙananan masu sana'a da makarantu da unguwanni, waɗanda ke bukatar hanyar tace ruwa da ba ta cin wutar lantarki, ba ta kuma bukatar injin da za a jira kayan gyaransa daga Legas.

2. Yadda ruwan ƙazanta yake cutarwa

Cuta ta farko kowa ya san ta: kwalara, da taifot, da zawo, da tsutsar ciki. A 2021 kaɗai an samu mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, akasarinsu a jihohin Arewa.

Cuta ta biyu ba ta ganuwa da ido. Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ke narke cikin ruwa, ita kuwa 'yar kaɗan ce. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 a kowace lita, idan zafin ya kai digiri 30 sai ya ragu zuwa kimanin 7.5. Idan ruwan jiƙon shinkafa ko jinin mayanka ya shiga gulbi, ƙwayoyin bakteriya suna far masa da ci, suna kuma shanye oksijin ɗin. Tarwaɗa da gaiwa suna iya leƙowa sama su shaƙi iska, don haka suna jurewa. Giwan ruwa ba ya iyawa, shi ne kuwa kifin da masunta ke fatan kamawa a Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, da rani ake yin sa. Da rani ne ruwan gulbi ya fi ƙaranci, don haka ƙazanta kaɗan ma tana yi masa yawa.

Masana suna auna ƙarfin ƙazantar ruwa da yawan oksijin da za ta cinye kafin ta ruɓe. Ma'aunai biyun da aka fi amfani da su su ne BOD da COD, ana faɗinsu da miligiram a kowace lita. Ruwan gida yakan kai 'yan ɗaruruwa, ruwan jiƙon shinkafa yakan kai dubbai, jinin dabba kuwa dubban ɗaruruwa. Aikin matata shi ne ta rage wannan lamba kafin ruwan ya kai gulbi.

3. Mece ce matata marar iska?

Tanki ne na bulo da siminti, a binne cikin ƙasa, a rufe, wanda ba ya yoyo. Yana da sassa biyu.

Sashe na farko shi ne ɗakin laka. Ruwa yana shiga ya natsu, abu mai nauyi ya kwanta ƙasa, maiƙo da tarkace su taso sama. Wannan bai bambanta da ɗakin farko na sokawen zamani ba.

Sashe na biyu shi ne matatar kanta: ɗaki ɗaya zuwa uku ko huɗu a jere, kowanne cike da tsakuwa ko wani abu makamancinta. Tsakuwar tana zaune bisa wani faifan kankare mai huji-huji, wanda aka ɗaga sama da daɓe. Bututu yana kai ruwa ƙarƙashin faifan, ruwan ya taso a hankali ta tsakanin tsakuwa, ya fita ta sama, wani bututun ya sake kai shi ƙasan ɗaki na gaba. A saman tanki akwai murafe na dubawa da bututun fitar da iska.

Masu bincike biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, James Young da Perry McCarty, su suka fito da bayanin wannan tsari a 1969, bayan sun gwada shi da duwatsu a cikin dogayen bututai. Tun daga nan ya bazu, musamman a ƙasashe masu zafi. Birazil ta sa shi cikin ƙa'idar gininta ta 1997 a matsayin matakin da ke bin tankin sokawe. Ƙungiyar BORDA ta birnin Bremen a Jamus ta yaɗa shi a unguwanni da asibitoci da makarantu a Indiya da Indunisiya da wasu ƙasashen Afirka. Idan an gina shi daidai, yakan rage ƙarfin ƙazanta da kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari, wani lokaci har 90. Tazarar da ke tsakanin 50 da 90 kuwa kulawa ce ke kawo ta.

4. Aikin da ke gudana a ciki

Bayan 'yan watanni, idan aka ɗauko tsakuwa ɗaya daga matata za a ga ta yi baƙi, jikinta da santsi da yauƙi. Wannan yauƙin taron ƙananan halittu ne masu rai, su ne kuma ke yin aikin. Tsakuwa mazauni kawai ta ba su, don kada ruwa ya kwashe su.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar matata ita ce a tuna da tumbin saniya. Babu iska a cikinsa, yana da ɗumi, ƙananan halittu suna narkar da ciyawa, saniya kuma tana gyatsar iskar da suka fitar. Duk makiyayi ya san abin da ke faruwa idan dabba ta samu buhun hatsi ta ci ya wuce kima: tumbi ya yi tsami, ciki ya kumbura, narkewa ta tsaya. Haka matata take idan aka ɗura mata abin da ya fi ƙarfinta.

Ma'aikatan cikinta ƙungiya biyu ne. Ta farko tana farfasa sitaci da maiƙo da nama da kashi, ta mayar da su ruwan tsami. Waɗannan suna da saurin haihuwa, ba su da tsirfa. Ƙungiya ta biyu tana cinye tsamin ta mayar da shi iskar metan, wato gas mai kama wuta. Waɗannan suna da jinkirin haihuwa, kwanaki suke ɗauka kafin su ninka. Oksijin yana kashe su, tsami mai yawa yana kashe su, sanyi yana sa su kasala. Irinsu ne ke cikin taɓon fadama. Kumfar da ke tasowa idan manomi ya taka laka a gonar shinkafa aikinsu ce, ita ce kuma iskar da masani Alessandro Volta ya tara a bakin wani tafki na Italiya a 1776 ya ga tana kama wuta.

Abin riƙewa a nan shi ne: muddin ƙungiya ta biyu tana cinye tsami daidai da yadda ta farko ke samar da shi, matata tana lafiya. Duk dabarun da za mu karanta yanzu domin kare wannan ƙungiya ta biyu aka yi su.

5. Hanyoyi bakwai na inganta aikin matata

Ta ɗaya: a tare tarkace tun daga baki. Babbar cutar matata toshewa ce. Leda, da tsumma, da yashi, da buntun shinkafa, da kayan cikin dabba, idan suka shiga tsakuwa sukan cike gurabenta. A sa raga a bakin shiga, a gina ɗan akwatin tare yashi da na tare maiƙo, a riƙa kwashe su kowane mako. A mayanka a tari jini daban a mazubi, a kwashe abin cikin tumbi da shebur kafin a wanke daɓe. Ɗakin laka kuma a kwashe shi duk shekara ɗaya zuwa uku, ko da zarar laka ta kai rabinsa.

Ta biyu: a zaɓi tsakuwa mai kyau. Girmanta ya kasance tsakanin milimita 12 da 55, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ƙanana ƙwarai suna saurin toshewa, manya ƙwarai kuma ba su ba ƙwayoyin isasshen wurin zama. An fi son mai kaushi da 'yan ramuka a jiki. Fasasshen dutse, da fasasshen jan bulo da aka gasa sosai, da gawayi mai tauri, da yankakkun bututun roba ko gorunan ruwa, duk suna aiki. Marmara mai ruguzowa idan ta jiƙa ba ta dace ba. Kowace iri aka samu, a tankaɗe ta a wanke ta sarai kafin a zuba.

Ta uku: a ba ruwa lokaci. Ana son ruwa ya yi awa 12 zuwa 36 a cikin matata. A nan ne magina da yawa suke kuskure, domin suna auna girman ɗaki su manta cewa tsakuwa ta cinye mafi yawansa. Ga yadda ake gane gurbin da ya rage. A cika bokiti mai lita 20 da tsakuwar da za a yi amfani da ita, a daidaita bakinsa. A riƙa zuba ruwa da gora mai lita ɗaya ana ƙirgawa har ruwan ya bayyana a sama. Idan ya sha lita 8, gurbin ruwa kashi 40 ne cikin ɗari. Yankakkiyar roba takan bar kashi 90.

Misali: a ɗauka makarantar kwana ce mai ɗalibai 200, kowanne yana fitar da ruwa lita 40 a rana. Jimla lita 8,000, wato kubik mita 8. Ana son ruwan ya kwana ɗaya cur a cikin matata, tsakuwar kuma mai gurbi kashi 40 ce. Sai a raba 8 da 0.4, a samu kubik mita 20 na tsakuwa. Idan zurfin tsakuwar mita 1 ne, ana iya yin ɗakuna huɗu, kowanne mita 2 da mita 2.5. Da roba aka zuba, kubik mita 9 ya isa. Mai ƙaramin fili sai ya duba wannan.

Ta huɗu: a raba ruwa daidai. Ruwa yana son hanya mai sauƙi. Idan ya samu kafa ɗaya sai ya riƙa bi ta nan kawai, ya fita cikin awa biyu, sauran tsakuwar tana zaune a banza. Maganin wannan shi ne ruwa ya shiga ta ƙasa ya taso sama, faifan kankare ya zauna daidai ba karkace ba, hujojinsa su bazu ko'ina, ruwa kuma ya rufe saman tsakuwa da aƙalla santimita 30. Ɗakuna uku ƙanana a jere sun fi babba guda ɗaya. Kada kuma a bar ruwan sama daga indararo ya shiga, domin ruwan Agusta ɗaya ya isa ya wanke ƙwayoyin da aka yi wata shida ana reno.

Ta biyar: a lura da tsami da zafi. Masu yin gas sun fi aiki idan ma'aunin pH yana tsakanin 6.5 da 7.5. Ana auna shi da 'yar takarda mai canza launi. Ruwan jiƙon shinkafa da ya kwana yakan sauka ƙasa da 6, don haka sai an kashe tsaminsa da ruwan toka da aka tace, ko ruwan farar ƙasa kaɗan-kaɗan, ana aunawa. Wata dabarar ita ce a mayar da wani kaso na ruwan da ya fito daga matata a gauraya da sabon da zai shiga. Wannan yana tsarma shi, yana kuma rage tsami. Ta fuskar zafi, ƙasarmu ta yi dace: ƙwayoyin sun fi son digiri 30 zuwa 38, abin da Turawa ke ƙona makamashi kafin su samu. Da bazara zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, da hunturu kuma dare yakan yi sanyi sosai, amma tankin da ke binne ba ya jin wannan sauyi kamar na sarari. Abin gudu shi ne ruwan tukunya mai zafi. A bar shi ya huce tukuna.

Ta shida: a fara sannu. Sabuwar matata ba ta kai cikakken ƙarfinta sai bayan wata shida zuwa tara. Ana rage wannan jira ta hanyar sa mata iri: a samo baƙar laka daga tsohuwar sokawe mai aiki, ko ɗanyen kashin shanu, a dama da ruwa, a tace, a watsa kan tsakuwa. Sannan a fara da rubu'in ruwan da aka tsara, ana ƙarawa a hankali har wata uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Ta bakwai: a nisanta ta da guba. Wasu sukan zuba baƙin mai ko kananzir a masai don kashe wari. A matata wannan kisa ne. Haka bilic mai yawa, da maganin kashe ƙwayoyin cuta na wanke bayi, da maganin feshin gona, da ruwan batir, da fenti. Sabulun wanka da omo na yau da kullum ba su da illa idan ba a wuce kima ba.

6. Karatu

Wannan hira misali ce. Wani matashi, malamin tsafta, ya ziyarci shugabar wata ƙungiyar mata masu gumin shinkafa, wadda aka gina wa matata wata biyu da suka wuce.

"Salamu alaikum. Inna, barkanku da aiki."

"Amin alaikumus salam. Maraba da Malam. Gara da ka zo, ɗan nan. Wannan rami naku tun shekaranjiya yake wani wari mai tsami, ruwan da ke fita kuma ya koma fari-fari."

"To, Inna, duro nawa kuke juyewa a rana?"

"Da dai biyu ne kamar yadda ka ce. Amma makon nan kasuwa ta buɗe, mun jiƙa buhu da yawa. Jiya shida muka juye."

"A lokaci ɗaya?"

"Da asuba, gaba ɗaya. Wa zai tsaya yana ɗiga ruwa ga aiki na jira?"

Ya tsoma 'yar takarda a ruwan da ke fita, ya kara ta da jadawalin launuka. "Kun gani, Inna, biyar da rabi. Tsami ya fi ƙarfinsu."

"Sun mutu ke nan? Kuɗinmu ya tafi?"

"Ba su mutu ba, in sha Allahu, sun dai galabaita. Ku ba ta hutun kwana uku. A tace ruwan toka a zuba bokiti ɗaya safe da yamma, ni kuma zan riƙa zuwa ina aunawa. Idan ta kusa bakwai sai ku koma duro ɗaya, bayan mako a ƙara."

"Sauran ruwan fa, mu sha?"

Ya yi dariya. "A'a, Inna. A gina ɗan tanki a gaba, a sa masa famfo. Ku juye duk ruwanku a ciki da asuba yadda kuka saba. Zai huce a nan, buntu ya kwanta, famfon kuma ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har dare. Ba wanda zai tsaya a kai."

"Ka ga wannan magana ce. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Inna. Na gode."

7. Alamomi da kulawa

Matata mai lafiya tana fitar da ruwa mai ɗan duhu amma ba kauri, warinsa kaɗan, bututun iska kuma yana aiki. Hanya mai sauƙi ta bibiya ita ce a ɗebi ruwan shiga da na fita a kwalabe biyu masu haske sau ɗaya a mako, a ajiye su awa ɗaya, a kwatanta, a rubuta abin da aka gani a littafi.

Idan wari ya yi tsami, ruwa ya yi fari-fari, pH ya sauka ƙasa da 6.5, an yi mata lodi ne. A rage ruwa, a kashe tsami.

Idan ruwan ɗakin farko ya fi na ɗakin ƙarshe tsawo sosai, ko yana komawa baya, tsakuwa ta toshe. A zuƙe lakar ƙarƙashin faifai ta bututun da aka tanada, a kwarara ruwa daga sama ya wanke ta zuwa ƙasa. In hakan bai yi ba, a kwashe tsakuwar a wanke. Kada a wanke dukan ɗakuna lokaci ɗaya. A bar ɗaya da yauƙinsa ya zama iri.

Idan baƙar laka tana fita tare da ruwa, ko dai ruwan ya yi gudu da yawa, ko ɗakin laka ya cika.

Mazauna kusa da fadama su ƙara lura da abu biyu. Ambaliya irin ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, tana iya shafe tanki, don haka a ɗaga bakinsa da murafensa sama da inda ruwa ya saba kaiwa. Kuma kada a kwashe tanki ƙaf da damina, domin ruwan ƙasa yana iya tura shi sama ya tsage.

Gargaɗi: kada kowa ya shiga cikin tanki, ko da an kwashe shi. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a ciki wadda ke sumar da mutum nan take, idan ta yi yawa ma hanci yakan daina jin warinta. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Metan kuma yana fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri. Ba a kusantar murfi da taba ko ashana ko fitilar ƙwai. Mai aikin ya sa safar hannu da takalmin roba, ya wanke hannu da sabulu.

8. Ruwan da ya fito, da gas

Ruwan da ya fito daga matata ya rage ƙarfi, amma har yanzu akwai ƙwayoyin cuta a cikinsa, akwai kuma sinadaran taki, domin matata ba ta cire fiye da kimanin kashi 15 cikin ɗari na naitirojin. Ba a sha, ba a alwala da shi, ba a ban ruwan latas ko kabeji ko duk abin da ake ci ɗanye. Ya dace da itatuwa kamar darbejiya da turare da mangwaro. Idan gulbi za a sake shi, sai ya ƙara bi ta wani mataki: kwarin tsakuwa da aka shuka ciyawar fadama a kai, ko kududdufi marar zurfi inda rana da iska za su ƙarasa aikin. Idan rami za a sa shi ya tsotse, ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya. Masu masana'antu kuma akwai ƙa'idojin hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, game da ruwan da suke saki.

Gas ɗin ma yana da lissafi. Duk kilo ɗaya na COD da aka narkar yana ba da kimanin kubik mita 0.35 na metan. A ɗauka ƙungiya tana zubar da lita 2,000 a rana, mai ƙarfin miligiram 3,000 a lita. Kilo 6 ke nan. Idan matata ta cinye kashi 70 cikin ɗari, an samu kilo 4.2, wanda zai ba da kimanin kubik mita 1.5 na metan, daidai da kilo ɗaya da 'yan kai na gas ɗin girki. Zai dafa abinci, amma ba zai turara buhunan shinkafa ba. Mayanka, inda ƙazanta ta fi ƙarfi, ita ce ta fi cancantar a tara gas ɗinta. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki kan samar da gas daga kashin dabbobi. A ƙaramar matata ta gida, bututu mai tsawo da ya wuce rufin ɗaki ya wadatar.

Taƙaitawa

Matata marar iska tanki ne rufaffe mai tsakuwa, inda ƙananan halittu ke cinye ƙazantar ruwa su mayar da ita gas. Aikinta yana inganta idan an tare tarkace, an zaɓi tsakuwa mai kyau, an ba ruwa awa 12 zuwa 36, an raba shi daidai, an tsare pH tsakanin 6.5 da 7.5, an fara da rubu'in lodi, an kuma hana guba shiga. Ruwan da ta fitar yana bukatar ƙarin mataki kafin ya shiga gulbi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan ƙazanta ya fi cutar da kifi da rani?
2. Faɗi ƙungiyoyi biyu na ƙananan halittun da ke cikin matata. Wacce ta fi rauni, kuma me ke cutar da ita?
3. A hirar da muka karanta, kurakurai nawa aka yi wajen juye ruwa? Wace shawara malamin tsafta ya bayar?
4. Bokiti mai lita 20 cike da fasasshen bulo ya sha ruwa lita 10. Gurbin ruwa kashi nawa ne cikin ɗari?
5. Bayin kasuwa yana fitar da lita 6,000 a rana. Ana son ruwan ya yi awa 24 a matata. Kubik mita nawa na bulon tambaya ta 4 ake bukata?
6. Kawo dalilai biyu da suka hana shiga cikin tanki.

Aikin yi

A rabu ƙungiya-ƙungiya, mutum huɗu ko biyar. Kowace ƙungiya ta samo iri uku na abin da za a iya zubawa a matata daga unguwarta, ta yi gwajin bokiti, ta rubuta sakamakon da farashin kowanne. Sannan ta zaɓi wuri ɗaya, makaranta ko masallaci ko wurin gumi, ta nemi izinin masu shi, ta ƙiyasta ruwan da yake fitarwa a rana, ta bi shi ta ga inda yake ƙarewa, ta kuma lissafa girman matatar da za ta ishe shi. A kawo lissafin aji a darasi na gaba.